Fashin Baƙi: Kari, Amsa-amo da Maimaici a Waƙar Tafakkuri

Me ya sa waƙar tafakkuri, wadda ake sa ran ta fi sauran waƙoƙi zurfin tunani, ita ce kuma ta fi su nanata magana ɗaya? Wannan tambaya kan taso duk lokacin da wani ya saki sabuwar ƙasida a kan rayuwa, ko mutuwa, ko halittar sammai da ƙasa, masu karatu kuma suka yi mata caa. Wani ya ce waƙar ta karye, ba ta hau kari ba. Wani ya ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango, wato layin waƙa, ya tarar duk daidai suke, ya ce ina karayar take? Na uku ya ce ai amsa-amo ya zauna daram, me kuma ake nema? Sai na huɗu ya rufe da cewa kalmomi ne suka ƙare wa mawaƙin, shi ya sa yake ta juya abu ɗaya. Duk su huɗun waƙa ɗaya suke magana a kai, amma kowa da ma'aunin da ya riƙe, wasunsu ma ba su san ba ma'auni ɗaya ba ne.

Wace ce waƙar tafakkuri?

Tafakkuri shi ne mutum ya tsayar da zuciyarsa a kan abu ɗaya, ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can, har ya ga abin da idon mai sauri ba ya gani. Da Hausa tsantsa tuntuntuni ke nan. Waƙar da aka gina a kansa 'yar ɗaki ɗaya ce da waƙar wa'azi da ta zuhudu, sai dai akwai ɗan bambanci: mai wa'azi jama'a yake fuskanta, mai tafakkuri kuwa sau da yawa da ransa yake zance, mu dai muna gefe ne muna ji. A adabin Larabci, Abul Atahiya na zamanin Abbasiyawa a Bagadaza ya yi suna da irin waɗannan waƙoƙi na gudun duniya. A rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, tun ƙarni na 19 wannan jigo yake cikin manyan jigogi.

Irin wannan waƙa ba ta da labarin da za ta ja mai sauraro da shi. Babu yaƙi, babu tafiya, babu wanda ake jira a ga yadda zai ƙare. Abin da zai riƙe kunne daga mabuɗi zuwa marufi shi ne sauti. Shi ya sa maganar kari da amsa-amo da maimaici ta fi tsanani a nan fiye da a waƙar tarihi ko ta siyasa.

Don kada zancen ya tafi a iska, ga baitoci 3 da na tsara saboda wannan bayani kawai, 'yar tagwai ce, wato kowane baiti ɗango biyu:

Tsaya dubi rana da ke haskakawa,
Jimawa kaɗan ga dare na tahowa.

Tsaya dubi ganye da ke rausayawa,
Gabanin ka farga yana yanƙwanewa.

Tsaya dubi kanka da ke lissafawa,
Ashe naka kwanan yana kan wucewa.

Kari: awo ake yi, ba ƙidaya ba

Babban kuskuren da ya fi yawo shi ne ɗaukar cewa idan yawan gaɓoɓi ya zo daidai a kowane ɗango, waƙa ta hau kari. Karin rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa yake bi. Gaɓar Hausa siga 3 gare ta: baƙi da gajeren wasali, kamar "da", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "kee" ko "kai", sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "kan". Ta farko ita ce mai sauƙi, ana yi mata alamar v. Sauran biyun masu nauyi ne, alamarsu –. Kari shi ne tsarin da waɗannan biyun suke bi wajen jeruwa, kuma guntun tsarin da ke ta dawowa shi ake kira ƙafa.

Mu yanka ɗango na farko, tare da bayyana dogayen wasula:

tsa-yaa-duu / bi-raa-naa / da-kee-has / ka-kaa-waa
v – – / v – – / v – – / v – –

Ƙafa 4, kowace mai sauƙi ɗaya da masu nauyi biyu. Masana aruli, wato ilimin auna karin waƙa, suna kiran wannan ƙafa fa'uulun, karin kuma Mutaƙarab.

Yanzu a cire "rana" a sa "wata". A takarda babu abin da ya sauya: haruffa 4 ne, gaɓa 2 ce, ma'anar ma ba ta yi nisa ba. Amma a rera a ji. "Rana" raa-naa ce, nauyi biyu. "Wata" kuwa wa-taa ne, mai sauƙi da mai nauyi. Ƙafa ta biyu ta koma v v –, sai harshe ya yi tuntuɓe, mai rerawa ya dinga jan "wa" ɗin da ƙarfin tsiya don ya cike gurbi. Wannan shi ne karayar da mai suka na farko ya ji da kunnensa, mai ƙirga da yatsa bai gani ba.

Laifin ba na mai ƙirgar ba ne kacokan. Daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na niƙa rubutunsu ɗaya, alhali na farko ga-rii ne, na biyu gaa-rii. A ajami kuwa marubuci kan ja wasali da alifi ko wawu ko ya, saboda haka wanda ya taso da karatun waƙa a ajami yana ganin rabin karin da idonsa tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya taso da boko zalla dole kunne ya yi masa wannan aiki, kuma ba kowa aka koya wa haka ba.

Sai a lura kuma, kari ba ƙarfe ba ne. A duba ɗango na 4:

ga-baa-nin / ka-far-ga / ya-naa-yan / ƙwa-nee-waa
v – – / v – v / v – – / v – –

Ƙafa ta biyu ta ƙare da mai sauƙi maimakon mai nauyi. Haka ma "bi-kan-ka" a ɗango na 5. Wannan ba karaya ba ce, zihafi ne, wato sauyin da karin kansa ya yarda da shi a wasu gurabe sanannu. Akwai kuma illa, sauyin da ke faɗa wa ƙafar ƙarshe, wanda galibi idan mawaƙi ya fara da shi dole ya riƙe shi har ƙarshen waƙa. Bambancin zihafi da karaya shi ne gurbi: a Mutaƙarab an yarda gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta gajarce, ba a yarda ta tsakiya ta yi haka ba. Waƙar da babu zihafi ko ɗaya a cikinta, a ganina, takan yi amon injin niƙa. Ɗan wannan gocewa ne ke sa ta yi numfashi.

Daga Basra zuwa ɗangon Hausa

Wanda ya tsara ilimin aruli shi ne Khalil bin Ahmad al-Farahidi, malamin Basra a ƙarni na 8. Bai ƙirƙiro karuruwan ba, Larabawa sun daɗe suna waƙa da su tun kafin Musulunci. Abin da ya yi shi ne ya saurara, ya tantance, ya fitar da karuruwa 15 cikin da'ira 5. Daga baya aka jingina wa Akhfash ƙarin na 16, wato Mutadarak. Ana ba da labarin cewa bugun gudumar maƙera a kasuwa ne ya fara ankarar da Khalil. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya dace da abin da ake magana a kai, don kari ɗan'uwan bugu ne.

Abin da ya sa wannan ma'auni ya zauna wa Hausa cif shi ne harsunan biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: duka suna bambanta dogon wasali da gajere, kuma ginin gaɓarsu ya yi kusa. Malamai sun sha waƙoƙin Larabci a makarantar zaure, kunnensu ya jiƙu da su, da suka zo tsara waƙa da Hausa ko Fulatanci sai suka zuba ta a mazubin da suka sani. Duk wanda ya taɓa jin ana rera Ishiriniya ya ji karin Ɗawil, wanda ya ji Burda ya ji karin Basiɗ, ko da bai san sunayen ba. Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan wannan dangantaka a 1949, Farfesa M.K.M. Galadanci kuma ya faɗaɗa ta a 1975, inda ya kwatanta ta da aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa.

Ba duka 16 ɗin ne suka samu karɓuwa daidai ba. Mutaƙarab, Kamil, Ramal, Wafir, Basiɗ, Ɗawil da Rajaz su ne sunayen da ɗalibin waƙar Hausa zai fi cin karo da su.

Akwai karin da aka keɓe wa tafakkuri?

Mutane kan so a ce musu kari kaza na baƙin ciki ne, kaza na murna. Tunanin ba sabo ba ne. Hazim al-Ƙarɗajanni, masanin balaga, wato ilimin fasahar magana, na ƙarni na 13, ya yi ƙoƙarin danganta karuruwa da manufofin waƙa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin dogon ɗango irin na Ɗawil ko Basiɗ yana ba tunani fili ya miƙe ƙafa ya kammala kafin numfashi ya yanke, gajeren ɗango kuwa yakan tilasta wa mawaƙi ya dinga yanka tunaninsa gutsi-gutsi. Amma da zarar an wuce nan sai ƙa'idar ta fara yoyo. Da kari ɗaya an yi yabo, an yi zambo, an yi makoki. Baitocin da ke sama, a rera su da sauri su yi kama da waƙar zaburarwa, a ja su a hankali su koma tuntuntuni. Muryar rerawa da saurinta suna da kaso mai tsoka a abin da muke jingina wa kari.

Amsa-amo: mai arha da mai tsada

Amsa-amo, ko ƙafiya, shi ne sautin da ɗangogi ke ƙarewa da shi. A ƙasidar Larabci harafi ɗaya ne, rawiyyi, yake riƙe waƙar tun daga farko har ƙarshe, har ma akan sa mata suna da shi: Lamiyya, Mimiyya, Nuniyya. Da yake yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amsa-amon Hausa ya fi zama gaɓar ƙarshe ɗungurungum, baƙi da wasalinsa: -wa, -ya, -ba, -na.

Idan baiti ya wuce ɗango biyu, sai amsa-amo ya rabu gida biyu. A ƙwar biyar, ɗangogi 4 na farko suna da nasu, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo ko na ciki. Ɗango na 5 shi ke ɗauke da babban amsa-amo, na waje, wanda ba ya sauyawa. Ga waƙar tafakkuri wannan tsari kamar don ita aka yi shi. Kowane baiti yana fita yawo da sabon sauti da sabon abin dubawa, sannan ya dawo gida a ɗangon ƙarshe.

Yanzu bari in soki kaina kafin wani ya riga ni. Amsa-amon -wa da na yi amfani da shi yana cikin mafiya arha a Hausa. Ɗaruruwan aikatau suna karɓar wannan ɗafi, saboda haka mutum zai iya jera ɗango 100 bai yi gumi ba. Haka ma "ba" ta korewa: duk jimlar da aka kore da "ba … ba" ta samu amsa-amo kyauta. Ba haramun ba ne, manyan mawaƙa sun yi, amma wanda ya ce "amsa-amo ya zauna, me ake nema?" ya kamata ya san cewa wannan shi ne matakin da ya fi sauƙin hawa. Inda ake gane gwani shi ne kalmar ƙarshen ɗango ta zama ita ce ma'anar ke buƙata, ba wadda aka jawo ta da igiya don a cike gurbi ba. Idan ka ga ɗango ya ƙare da "ɗan'uwa" ko "jama'a ku jiya" ba tare da dalili ba, to ciko ne.

Hausa tana da wani amsa-amon kuma da Larabci ba shi da shi. Farfesa Dalhatu Muhammad ya ja hankalin manazarta ga amsa-amon karin sauti, wato ƙarshen ɗangogi su dace a hawa da saukar murya, ba a baƙi da wasali kaɗai ba. A baitocin nan duk "-wa" ɗin da sautin sama suke ƙarewa. Da za a cusa wata kalma mai ƙarewa da "-wa" amma da sautin ƙasa, ido zai ce an dace, kunne mai kaifi zai ji ɗan saɓani.

Maimaici: ina ne gwaninta, ina ne gazawa?

Nan ne gizo yake saƙa. Masana ƙafiya na Larabci suna da wani aibi da suke kira iɗa'i: mawaƙi ya maimaita kalmar amsa-amo da lafazinta da ma'anarta kafin ya wuce baiti 7. Dalilinsu a fili yake, alama ce ta ƙarancin guzuri. To mai sukar da ya ce kalmomi sun ƙare wa mawaƙi ba daga sama ya ɗauko zancensa ba.

Sai dai malaman balaga kuma sun ware babi guda don maimaicin da ake yi da gangan. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, amma shi suka fi kafa hujja da shi a wannan babi: aya ɗaya ta zo sau 31 a Suratur Rahman, wata ta zo sau 10 a Suratul Mursalat, kuma kowane zuwa yana biyo bayan ambaton wani abu daban. A waƙar Farisanci da ta Urdu akwai radif, kalma ko jimlar da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti bayan ƙafiya, kuma ado ake ɗaukarsa. A namu adabin, waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da baitocinta masu ɗango biyar-biyar, kowane baiti da waɗannan kalmomi biyu yake rufewa. Ba wanda zai ce kalmomi ne suka ƙare musu.

Ta yaya za a raba biyun? Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi shi ne a tambaya: kalmar da ta dawo, ta dawo da abin da ta tafi da shi ne, ko ta ƙaro kaya? A duba "tsaya dubi". A baiti na 1 umarni ne na a ɗaga kai a kalli abu mai nisa, wanda ba ruwansa da mai kallo. A na 2 abin ya matso, ya zama mai rai, ana iya taɓa shi da hannu. A na 3 kalmomin ba su sauya ba, amma yatsan da ke nuni ya juyo kan mai shi. Da an fara da baiti na 3, da wa'azi ne tsurarsa, mai sauraro ya kau da kai. Biyun farko su ne suka saba masa da cewa "haka ne", har na ukun ya same shi bai shirya gardama ba. Idan kuwa za a iya sauya wa baitoci wuri, a kai na 9 gurbin na 2 ba tare da an yi asarar komai ba, to maimaicin zagaye yake yi a wuri ɗaya, kuma mai suka ya yi gaskiya.

Tafakkuri kansa haka yake aiki. Mai tunanin mutuwa ba sau ɗaya yake tuna ta ya wuce ba. Tana dawo masa idan ya ga rana ta faɗi, ta dawo idan ya ga furfura a madubi, ta dawo idan aka kira sunan wanda babu shi. Waƙar da ta kawo sabon batu a kowane ɗango ba tare da waiwaye ba tana iya ƙayatarwa, amma lacca ce aka yi wa kari.

Maimaici kuma ba na kalma kaɗai ba ne. Akwai na ginin jimla, kamar yadda "da ke haskakawa", "da ke rausayawa", "da ke lissafawa" suka zo a ƙira ɗaya. Akwai amshi, wanda jama'a ke karɓa. Akwai na sauti a cikin ɗango. Kari da amsa-amo ma, in an bi salsala, maimaici ne: ɗaya na nauyi, ɗaya na amo.

Ɓangarorin da ke jayayya

Masu riƙo da aruli suna cewa abin da bai hau ɗaya daga karuruwan Khalil ba zube ne aka yayyanka. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce horo: wanda kari ya matse shi dole ya nemi kalma ta biyu da ta uku, kuma a wajen neman ne ake tsintar mai kyau.

Wasu manazarta sun ce a yi hattara. Hausawa suna da waƙar baka da kiɗa tun kafin aruli ya iso, kuma akwai rubutattun waƙoƙin da aka ɗora a kan muryar waƙar baka. Irin waɗannan suna da kari tsayayye, sai dai in aka matsa sai an cusa su cikin 16 ɗin nan, a ƙare da jibga musu zihafi da illa har ma'aunin ya fita daga hayyacinsa. Ina tare da su a nan. Rashin suna a littafin aruli ba rashin kari ba ne.

Na uku su ne matasan da ke son waƙa marar ƙaidi kwata-kwata. Suna da 'yancinsu, kuma wani lokaci sukan zo da hoto mai kama zuciya. Abin da ba su cika sani ba shi ne, ko a Iraƙi da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka buɗe wannan ƙofa a 1947, tsawon ɗango da tilascin ƙafiya ɗaya suka saki, amma sun riƙe ƙafa. Sun san dokar ciki da bai kafin su sassauta ta.

Abin da ya shafi mai sauraro

Wannan ba gardamar malaman jami'a kaɗai ba ce. Kari da amsa-amo da maimaici su ne rumbun da ake adana waƙa a ka. 'Yan Taru na Nana Asma'u da haddar waƙa suka kai ilimi ga matan ƙauyuka, jaji, wato malamar da ke jagorantarsu, ta rera, mata su karɓa. Idan mai hadda ya manta kalma, kari yana gaya masa nauyinta, amsa-amo yana gaya masa ƙarshenta, sai ta faɗo. Waƙar da ta karye ba ta da wannan tsani, shi ya sa ake karanta ta yau a yaba, gobe ba mai iya kawo ɗango biyu daga ciki.

Ɗalibin da zai amsa tambayar kari a jarrabawa, da matashin da ke son ya san ko ƙasidarsa ta tsaya, hanyarsu ɗaya ce: a rufe takarda, a rera da baki, ana buga yatsa a kan tebur, a lura da inda harshe ya ja wasalin da ba a ja a magana ta yau da kullum. A yi wannan gwaji kafin a shiga situdiyo, domin kiɗan kwamfuta yana rufe karaya. Mai haɗa sauti zai ja nan ya matse can har ɗangon ya shige, sai ranar da aka ce a rera waƙar a zaure babu kiɗa "wata" ya fito fili a gurbin "rana".